Shirun Baba Da Ya Kusa Raba Ni Da Kujerata

Lokacin da abin nan ya faru ina mataimakiyar shugaba a wani babban kamfanin sadarwa a Legas, kuma ba yabon kai ba, na san aikina. Ni ɗiyar manomin albasa ce daga Aliero. A Jega na yi sakandare a hannun gwaggona, ƙanwar mahaifina, daga nan karatu ya yi ta ja na har na wayi gari ina jagorantar injiniyoyi maza da suka girme ni. Ba na shakkar taro, ba na shakkar gardama. Mutum ɗaya nake shakka, shi ne Baba.

Ni ce ɗiyar fari, Baba kuwa mutumin da ne mai riƙon kunya. Bai taɓa kiran sunana ba, in zai ambace ni sai ya ce waccan. In na durƙusa gaishe shi, amsa ɗaya zai yi ya miƙe, wai zai duba rudun da yake ajiye albasa. Na san al'ada ce, da ita na tashi. Amma ku ji abin takaici: ni da nake haɗa jama'a da 'yan'uwansu ta waya, ban taɓa jin muryar mahaifina a waya ba. Ko lambarsa ban riƙe ba, Inna nake kira ta isar da gaisuwa.

Ana nan, a wani bikin suna a Maiyama, wani ɗan'uwanmu ya ja ni gefe. Ya ce in daina ruɗin kaina, shirun Baba ba kunya ba ce, baƙin ciki ne, domin a kasuwar albasa an mayar da shi abin ba'a saboda ɗiyarsa tana Kurmi, can kudu, tana cuɗanya da maza. Wallahi maganar ta shige ni. Na daina zuwa gida ko da salla, kullum in fake da aiki. Ana cikin haka wani kamfani da ya fi namu girma ya neme ni in shugabance shi. Na gaya wa Inna da murna, amma daga baya na tuna fuskata za ta cika jaridu, ba'ar ta ƙaru. Na yanke zan ƙi kujerar, in ajiye aikin ma gaba ɗaya, in dai Baba zai ɗaga kai cikin mutane.

Da na taho gida na fara sauka Jega na zayyane wa Gwaggo. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ashe manyan ofis ma suna cin tuwon tsegumi. Ta tambaye ni ko na san layin waya shi ne shagon mai albasa, ta nan fataken Kurmi suke kira a loda musu mota. To, ta ce, can baya da na bar kamfanina na farko, Baba ya jefar da layinsa ya sayi na inda na koma. Fatake suka neme shi suka rasa, albasa ta ruɓe masa a rudu, amma bai koma tsohon layin ba. Ba'ar kasuwa kuma gaskiya ce, in sabis ya ɗauke sai a ce ya kai ƙara wurin ɗiya tai, shi kuwa ya tsaya yana kare mu, yana cewa masu gyara ba barci suke ba.

Gwaggo ta sa ni gaba har Aliero. Na durƙusa gaban Baba, ta faɗa masa abin da na ƙudura. Baba bai dube ni ba. Ya fuskanci Gwaggo ya ce ta gaya wa waccan tun kasuwar da ta wuce ya sayi layin sabon kamfanin, har ya rarraba wa fatakensa lamba, kada a sa shi wahalar banza. Ya ce Allah ya yi albarka, ya miƙe ya nufi rudu. Ni da ban taɓa kuka a gaban kowa a wurin aiki ba, ranar na yi shi har da shessheƙa.

Na karɓi kujerar, na riƙe ta da kyau, daga baya ma na shugabanci wani kamfanin. Nadamata ɗaya ce, sallolin da na ci ni kaɗai alhali Baba yana nan da ransa, waɗannan ba su dawowa. 'Yan'uwana mata masu aiki, kada wani ya fassara muku shirun iyayenku. Ku nemi gwaggo ko inna ku tambaya kafin ku rusa abin da kuka gina.

Da zan koma kamfanin ƙarshe, na aika wa Baba ta hannun Inna cewa yanzu ana iya canza kamfani a riƙe tsohuwar lamba, ya huta. Ya ce a gaya wa waccan ya ji, amma in lambar ba ta canza ba, wa zai tambaye shi dalili har ya samu bakin faɗin inda ta kai?