Mzee Kiswaga Mai Motocin Iringa

Agnesi ce auta, ita ce kuma ta riƙe mahaifinta, Mzee (wato dattijo) Lugenge Kiswaga, har ƙarshen ransa. Mutum ne mai rowar magana, don haka yawancin labarinsa tsintarsa ta yi kaɗan-kaɗan, wajen uwarta da wajen tsofaffin direbobi.

A wani ƙauye kusa da Kalenga, a yankin Iringa, aka haife shi. Ko gemu bai fara ba aka zo neman sojoji, dagaci ya nuna shi saboda tsayinsa, ya haɗa da amininsa Petro Mbwilo. A soja ya koyi tuƙi. Da aka kai su yaƙin Bama, sai aka ba shi motar kwasar masu rauni. Wata rana aka ɗoro masa Petro, harsashi ya same shi a ciki. Lugenge ya jingine shi a gaba kusa da shi, yana fama da taɓo yana ba shi labarin gida, yana tsokanarsa da wata yarinya da ta ƙi shi. Sai da suka isa asibitin sansani aka ce masa ai Petro ya daɗe da cikawa.

Ya dawo da kunne ɗaya, ɗayan kuwa ƙarar igwa ta kashe shi. Ya je ya shaida wa iyayen Petro yadda abin ya faru, ya yi ta komawa gaishe su, har dai ya auri ƙanwarsa, Sembwilo.

Da wata tsohuwar motar soja ya fara, wadda aka yi gwanjo. Yana ɗaukar albasa da masara zuwa Darussalam, ya dawo da gishiri da kananzir. Lokacin da aka rufe wa Zambiya hanyar kudu, man fetur ya koma bi ta Iringa, shi ma ya shiga jigilar gangunan mai. Hanyar nan ta ci direbobi da yawa. Shi kuwa ya fito da motoci da gareji da suna. Kofur ake ce masa. Bai taɓa barin direbansa a daji ba, amma duk wanda ya ji yana warin giyar gora, nan take zai karɓe makulli.

"Sauka, malam. Gorar ta kai ka gida."

Ɗansa na fari, Damasi, mai son littafi ne. Ranar da ya gama kwalejin malamai, ana cin tuwon masara da wake, ya ce, "Baba, an ba ni aji a Mafinga."

Tsohon ya juya masa mataccen kunnen. "Me ka ce?"

"Ka ji ni sarai, Baba."

"Alli za ka ci? To motocin nan wa zan bar wa?"

Sembwilo ta ce, "Baban Damasi, ƙyale yaron nan. Hannunsa ba na sitiyari ba ne."

"Ni ma ba da sitiyari a hannu aka haife ni ba."

Damasi ba mai musu ba ne, ya karɓi mota. A shekararsa ta biyu, yana gangarowa dutsen Kitonga da lodin katako, birki ya tsinke. Uban da kansa ya ɗaura igiya ya sauka kwazazzabon, ya goyo gawar ya hauro, bai yarda kowa ya kama masa ba.

Agnesi tana nan tsaye bayan an dawo daga maƙabarta. Uwarta ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Kai ka kawo mini labarin yayana, yau ka kawo mini ɗana. Ya isa haka."

Daga ranar tana dafa masa, tana wanke masa, amma hira ta ƙare. Shi kuma bai sake riƙe sitiyari ba. Bai rufe garejin ba, saboda gidaje da yawa a nan suke ci. A hankali ya sakar wa direbobinsa motocin, kowa da wadda ya saba da ita.

Sai da Sembwilo ta kwanta ciwon ajali ta kira shi ya zauna bakin gado. Agnesi ta hango su ta ƙofa. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Kofur, ashe ka tsufa." Ta ɗan yi dariya. Ya riƙe hannunta, hawaye na bin gemunsa.

Bayan rasuwarta ya daɗe ƙwarai, har ya doshi ɗari. Duk shekara akan zo a maƙala masa lambobin yabonsa a kai shi bikin tunawa da sojoji. Da farko suna da yawa a benci, daga baya ya rage shi kaɗai. Jikoki in sun roƙe shi labarin yaƙi sai ya ce, "Duk masu ƙaryata ni sun mutu. Labarin ba ya daɗi haka."

Cikin watan Yuni, lokacin sanyi a can, ya rasu, da hantsi, yana shan rana a kujerarsa. Shayi ya ce Agnesi ta haɗa masa, kafin ta kawo ya tafi. An cika coci, amma yawanci saboda 'ya'ya da jikoki aka zo. Cikin masu jefa ƙasa a kabari, ban da 'ya'yansa, mutum ɗaya ne ya taɓa ganinsa yana tuƙi, wani tsohon direba da ya taso daga Mbeya yana dogara sanda.