Mai Mita da Inbatan Zaure

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana bin gidaje yana karanta wa kamfanin wuta mita. Karnuka sun kore shi, mata sun rufe masa ƙofa, rana ta cinye masa ƙeya. Har ya yi ritaya babu mai kiransa da wani suna sai Mai Mita. Mutumin kirki ne, sai dai yana da ciwo guda: in ana maganar lantarki, ba ya yarda wani ya fi shi sani, ko da injiniya ne.

Da huhun matarsa ya gaza, wata biyu ta kwanta a asibiti, kullum roƙonta ɗaya, a mai da ita ɗakinta. Likita ya yarda, amma da sharaɗin na'urar da ke ba ta iska ba za ta tsaya ba. Mai Mita ya dafa ƙirji ya ɗauki alkawari a gabanta.

'Yarsu ta kawo mai haɗa sola. Mutumin ya fara bayani cewa inbata, wato na'urar da ke juya wutar sola ta zama ta gida, iri biyu ne, akwai mai batir, akwai wanda ake jonawa da layin kamfani kawai, kuma shi wannan na biyun...

"Malam, ni za ka koya wa wuta?" in ji Mai Mita. "Batir shekara biyu ya mutu. Layinmu da na masana'antu ɗaya ne, ba a ɗauke mana sai jifa-jifa. Sa na jonawar."

Mai solar ya buɗe baki, ya dubi furfurar, ya haɗiye sauran maganarsa.

Aka jera farantan sola takwas a kan rufi, aka kafe inbatan a bangon zaure. Tsoho ya samu abin yi. Da hantsi sai ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya danna maɓalli. Lamba ta farko ƙarfin da ke saukowa daga rufi, bolt ɗari uku da tamanin. Ta biyu ƙarfin layin kamfani, ɗari biyu da talatin. Ta uku abin da inbatan ke zuba wa gida, wat dubu biyu da wani abu in rana ta take. Sai ya ɗaga murya ya karanta wa matar, ita kuma daga ɗaki ta ce, "Baban yara, ni dai in na ji injina yana gurnani, ai magana ta ƙare."

Ranar wata Talata da azahar taransifomar unguwa ta yi ƙara ta kama hayaƙi. Fanka ta tsaya. Gurnanin ɗaki ma ya tsaya.

Ya ruga zaure. Allon inbatan na nan a kunne. Daga rufi, ɗari uku da tamanin cif. Layin kamfani, sifili. Abin da ke shiga gida, sifili. Ya danna, ya kashe, ya kunna, bai sauya ba. Ya jona mata ƙaramar tukunyar iskar da asibiti suka bayar don ko-ta-kwana, sannan ya kira mai sola.

"Baba, abin da na so in gaya maka ke nan. Irin wannan in layi ya mutu, shi ma tsayawa yake. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya tura wuta waya ya kashe ma'aikacin da ke kan falwaya."

"To ka zo ka cire masa wannan wayon."

"Ba ya ciruwa. Sai an canja inbatan ɗungurungum, mai batir ɗin kuma sai an yi oda, mako uku."

Abin da ya fi ci masa rai, ba shi da bakin zagin na'urar. Da idonsa ya taɓa ganin abokin aikinsa ya faɗo daga falwaya saboda wani ya jona janareta ba bisa ƙa'ida ba. Inbatan ya yi daidai, shi Mai Mita ne ya yi kuskure, kuma babu wanda ya fi shi fahimtar hakan.

Ya aro janaretan maƙwabci, janaretan ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya je tsohon ofishinsu, ya tarar da sababbin fuskoki, aka ce taransifoma sai an kawo daga nesa, ya yi haƙuri. Da ya dawo, allurar tukunyar iska ta kusa shiga ja, iskar ta kusa ƙarewa.

'Yar ta zo da mota bayan la'asar, a mai da uwar asibiti. Su biyu suka tallabo matar, ba nauyi, tukunyar na rungume a cinyarta. Ta riƙe ƙyauren ɗakinta da 'yan yatsu, sai da shi da kansa ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya.

A ƙofar gida ta ɗaga kai ta dubi farantan suna ta walƙiya a kan rufi, ta juyo gare shi, tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma.

"Baban yara, ba ga rana nan ba? Me ya sa za ka mai da ni?"

Ya san amsar tun daga farko har ƙarshe, har da lambobinta. Ya gyara mata zani a ƙafa, ya rufe ƙofar motar.