Turancin Manya na Kawu

Jiya ina yanka albasa a kicin, 'yata tana zaune bakin ƙofa da waya a hannu, wai tana koyon Sifaniyanci saboda 'yan ƙwallon da take so. Sai wata murya daga cikin wayar ta ce, "Seboya." Saura kaɗan wuƙa ta suɓuce mini. Mai karatu, na san kalmar nan tun wayar hannu ba ta shigo ƙasar nan ba, kuma a ƙarƙashin rumfar albasa na koye ta.

A Zauro na tashi. Shekarar da na gama firamare aka kira ni ganawa a wata makarantar kwana ta 'yan mata a Birnin Kebbi. Baba ya ce dama ɗaya ce: in na ci in tafi, in na faɗi in zauna gida aikin shinkafa. Ni kuwa ina son makarantar nan kamar raina, ga shi Turancina bai taka kara ya karya ba.

Nan kawu ya shigo maganar. Ƙanen mahaifiyata ne, manomin albasa a fadama, ya ɗan taɓa ajin yaƙi da jahilci, tun daga nan kuma ba a ƙara kayar da shi a gardama ba. Ya kai albasa kasuwar Birnin Kebbi, ya dawo da wani littafi mara bango da ya samo wajen wani mutumin Kudu mai sayar da tsofaffin littattafai. Mutumin ya gaya masa yaren Turawa iri biyu ne a ciki, kuma bai yi ƙarya ba.

Kowane shafi layi uku ne. Na hagu kalmomin Turancin da muka sani a makaranta, na tsakiya wasu baƙi, na dama kuma yadda ake furta baƙin. Kawu ya dubi abin da idon mai tsince albasa, manya gefe, ƙanana gefe.

"Kin ga na hagun ga? Turancin yara na," in ji shi. "Na tsaka shi na na manya, wanda Turawa ka yi in sun shiga ɗaka."

Lokacin bazara ne, zafi kamar ya dafa mutum. Da la'asar mukan zauna a rumfa, warin albasa yana sa mu hawaye, in fara karanta na hagu sannan in haye na tsakiya. Albasa seboya, ruwa aguwa, kifi peskado, shinkafa arros. A kan arros ɗin nan na sha wuya, don sai harshena ya kaɗa kamar injin ban-ruwa kafin ya yarda mu wuce. Abin ya bi gidan gaba ɗaya. Har kakata, wadda ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, sai ka ji tana kiran a kawo mata aguwar alwala.

Ranar ganawa kawu ya goya ni a babur, littafin yana jakata. Ya tsaya a gindin wata bishiya bakin ƙofar makarantar ya ce, "Kak ki ba mu kunya da na yara. Ki buɗe musu na manya."

A ɗakin ganawa, shugabar makaranta ce da malamai biyu. Ta ɗaga kofin ruwa ta tambaye ni sunan abin da ke ciki da Turanci. Na gyara tsayuwa na ce aguwa. Ta nuna hoton kifi, na ce peskado. Da ta nuna shinkafa kuwa, na saki arros ɗin da kawu zai yi alfahari da shi. Malami ɗaya ya raɗa wa ɗan'uwansa, "Zabarmanci ne?" Wancan ya ce shi Bazabarme ne, bai taɓa jin wannan ba.

Na fara hango kaina ina korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Shugabar ta tambayi wanda ya koya mini, na miƙa mata littafin. Ta buɗe, ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce wannan yaren mutanen Sifaniya ne. Sannan ta rufe tsakiyar shafin da hannu, ta shiga tambayata na hagu. Ashe na yaran nan da nake bi ta kai kullum don in kai ga na manya, duk sun zauna a kaina daram. Ta ce an ɗauke ni.

Na fito da gudu na gaya wa kawu komai, har da maganar Sifaniya. Ya tada babur, sannan ya waiwayo.

"Ita shugabar, ta taɓa zuwa Ingila?"

Na ce ban sani ba.

"To," in ji shi. Har ya koma ga Allah bai sauka daga kan wannan "to" ɗin ba.

Yanzu yara ba sa buƙatar kawu, waya ke faɗa musu kalma da ma'anarta da yadda ake furta ta, ba gardama, ba warin albasa. Na ce wa 'yata ta nemo mini shinkafa a ciki. Muryar ta kaɗa harshe ta ce arros, sak yadda kawu yake faɗa, ko ɗigo bai kuskure ba. Na yi kewarsa ƙwarai a lokacin. 'Yata ta ga ina share ido ta tambaye ni lafiya, na ce mata seboya ce.