Tahiru Mai Tsefa

A kasuwar Gure, idan ka tambayi Tahiru mai igiya, sai an tsaya tunani. Amma ka ce Tahiru Mai Tsefa, nan take za a nuna maka rumfarsa da baki, ana murmushi.

Asalinsa mutumin Gamu ne. Ya taso yana kiwon awakin ubansa, a dajin ya koyi tufka da kaba. Da aka yi fari, rashin ruwa ya cinye awakin, sai ya shigo Gure ya kafa rumfa kusa da kasuwar dabbobi, yana sayar da igiyar guga da dabaibayi da ragama. Dogo ne, mai ƙaton hannu, tafinsa duk kanta. Ya auri Mardiya, 'yar masu lambu a kwari, Allah ya ba su ɗiya suka sa mata Fa'iza.

Fa'iza ta zo duniya da gashin kakarta ta wajen uwa: mai yawa, mai laushi, murɗaɗɗe, kowane sili ya rungume ɗan'uwansa kamar 'yan kokawa. Ga ta da son birgima a kan tudun rairayi. Kullum da yamma takan dawo gida da ƙarangiya a ka. Mardiya kaɗai ke iya mata. Duk Juma'a takan matse ta tsakanin gwiwoyi ta sa mataji, yarinyar ta yi ta kururuwa har maƙwabta su leƙo su ga ko gobara ce. Zuhura makitsiya kuwa, tun ranar da Fa'iza ta gartsa mata cizo a cinya, ta rantse ba ta ƙara taɓa kan nan sai an kawo shi a tsefe.

Shekarar da Fa'iza ta cika huɗu, Mardiya ta faɗo daga kabu-kabu a hanyar kwari, hannun dama ya karye, aka yi ɗori. Iya Yabawa, uwar Tahiru, ta zo daga Gamu jinya, amma idonta ya yi rauni, haƙurinta ma haka. Kan Fa'iza ya zauna ba mai taɓawa, har ya koma kamar sheƙar tsuntsu. Ga salla ta matso.

"Malam," in ji Mardiya wata safiya, "ka dubi kan ɗiyarka kuwa?"

"Na gani. Albarka ce."

"To albarkar nan kai za ka tsefe ta."

Tahiru ya yi dariya, ya duba ya ga shi kaɗai ke yi. Ya ɗauki mataji, ya kafa shi a tsakiyar ka, ya ja irin jan guga. Mataji ya rabu biyu, rabi a hannunsa, rabi a cikin gashi. Fa'iza ta ƙwalla ƙara ta shige ƙarƙashin gado.

Iya Yabawa tana yafa mayafi za ta gaisuwa, ta ce daga bakin ƙofa, "Kai, ba a shiga gashi a bushe. Ka sa mata karkashi, shi ke sakin sa." Ta fice.

Mardiya ta sha magani barci ya ɗauke ta. Tahiru dai karkashi ɗaya ya sani a duniya, wanda ake ci da tuwo. Ya shiga madafa, ya tarar da tukunyar miyar da Iya ta kaɗa tun da safe don tuwon dare, ta huce. Ya lallaso Fa'iza da dabino, ya zaunar da ita a tabarma, ya yi bisimilla, ya kwarara mata ludayi biyu a ka. Allah ya taimaka Iya ba ta son yaji.

Warin daddawa ne ya tashi Mardiya. Ta fito ta ga mijinta ya duƙufa yana cuɗa kan yarinya, miya na gangarowa ta gefen kunci, Fa'iza na tarewa da harshe, kyanwar gidan kuma ta zauna kusa tana jiran rabonta.

"Baba, ƙara," in ji Fa'iza.

"Malam! Miyar dare ce fa!"

"Iya ce ta ce karkashi."

"Ganyen ake jiƙawa! Ganyen, ba miya ba!"

Ta yi dariya har hannun ya motsa, dariya ta koma salati. Ran nan da ƙuli-ƙuli da mai aka ci tuwo, Iya Yabawa kuma ba ta yi wa ɗanta magana ba sai washegari.

Amma Tahiru ya lura da abu guda: inda miyar ta taɓa, yatsa na wucewa. Washegari ya jiƙa busasshen ganyen a ruwan ɗumi yadda Mardiya ta nuna masa, ya tace, yauƙin ya fito. Ya ajiye mataji gefe. Ya zauna ya ƙura wa kan ido, sai ya ga ashe abin da ya sani ne. Igiya in ta cukurkuɗe ba a fizgar ta, daga baki ake bin ta, ƙulli bayan ƙulli. Ya raba gashin kashi-kashi, ya ɗaure kowane kashi da zaren kaba. Ya kama ɗaya, ya riƙe gindin don kada fata ta ji ja, ya fara warwarewa daga ƙarshe da yatsa.

Da Fa'iza ta fara mutsu-mutsu, sai ya ɗauki muryar mai sharhin kokawa a rediyo.

"Jama'a, ga Ƙulli ɗan Gidigir ya shigo fili! Ya ce ba mai kada shi! Tahiru ya kama ƙafa... ya ɗaga... ya kai shi ƙasa!"

Fa'iza ta tuntsire da dariya. "Saura wani, Baba!"

Haka suka yi ta kada 'yan kokawa har azahar. A cikin gashin an samu ƙarangiya cikin tafi, da ƙwallon dabino, da rabin matajin jiya, da ɗan kunnen Mardiya da aka yi ta nema har aka zargi kaza. Da ya gama, ya wanke, ya shafa man shanu, sannan ya bi da mataji mai manyan haƙora. Ko hawaye ɗaya ba a zubar ba. Zuhura ta yi kitson salla tana kaffa-kaffa da cinyarta, amma ba abin da ya faru.

Hannun Mardiya ya warke, Fa'iza ta ce ita fa sai Baba. Labari ya zaga kartiye, unguwa kaf ta ji. Wata maƙwabciya ta turo tata ɗiyar, wata ta turo tagwaye. Kafin a jima, safiyar Juma'a ta zama ta tsefa a ƙofar gidan Tahiru: shi a kan turmi, ga ƙwaryar karkashi, ga 'yan mata ƙanana sun jeru suna jiran kokawa.

A fada, wurin shayi, abokai suka samu abin yi. Modu mai gyaran babur ya fi kowa.

"Hajiya Tahiru, yaushe za a sa ni a layi?"

Tahiru ya ɗaga hular Modu, ya dubi sanƙon da ke walƙiya, ya mayar. "Filinka ba 'yan kokawa, Modu. An tashi wasa tun tuni."

Kitso kam bai taɓa iyawa ba. Sau ɗaya ya gwada, hannunsa ya koma tufka, Fa'iza ta tafi lakwal, makarantar boko, da igiyoyi biyu a tsaye kamar ƙahon ɗan akuya. Mardiya ta kafa masa doka: iyakarsa tsefa.

Bara Mardiya ta haifi namiji, Hasan, shi ma da gashi cunkus, baƙi wuluk, a nannaɗe. Ranar suna wanzami ya zauna ya wasa aska. Tahiru ya tsuguna kusa da shi, yana kallon gashin na zuba a ƙwarya, fuskarsa kamar wanda aka yi wa sata.

"Lafiya, maigida?" in ji wanzami.

"Lafiya lau," in ji Tahiru. Ya yi ajiyar zuciya. "Wannan da ya yi wata shida, da an ga wasa."