Matar da na yi wa reno ta ce ba ta san ni ba

Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da biyu, na gama jami'a ke nan, ina zaune da iyayena a unguwar Perry Barr da ke Birmingham a Ingila, ba aikin fari bare na baƙi. Ni mace ce mai zuciya, in na ƙwallafa rai a kan abu sai na ga ƙarshensa. Abin da na ƙwallafa wa rai kuwa wani shiri ne na musayar al'adu: a ba ki bizar Amurka, ki yi shekara a gidan wasu kina kula musu da yara. Sharaɗi ɗaya ya rage mini, in kawo shaidar na taɓa renon yaran da ba dangina ba, da lambar wayar uwarsu.

Dariya ma na yi. Kafin mu koma Birmingham a Manchester muke, kuma maƙwabciyarmu, wata 'yar Jos da nake kira Anti, ni na rena mata yara uku tun ina 'yar sha huɗu. Aikin kula da tsofaffi take yi, mijin ba ya ƙasar. In na taso makaranta gidanta nake wucewa, in yi wa jaririn wanka, in goya shi, in dafa wa manyan taliya. Babu wanda ya taɓa kiran wannan aiki, zumunci ne kawai.

Takanas na hau mota na je wurinta. Ta rungume ni, ta cika ni da abinci, amma ina faɗin abin da ya kawo ni fuskarta ta sauya. Ta ce in rufa mata asiri, in aka rubuta cewa ta riƙa barin jariri a hannun 'yar sha huɗu, maganar na iya kaiwa council, wato ƙaramar hukuma, a zo a kwashe mata yara. Na ce shekara nawa da wucewa, wa zai tono? Ta ce ita dai ba za ta iya ba. Raina ya ɓaci, na ce da ana wankin kashi ai ba a tuna da council ba. Na fito ko sallama babu.

A mota na yanke shawarar in ba da lambarta duk da haka. Lissafina, in aka kira ta, kunya za ta sa ta faɗi gaskiya. Aka kira. Anti ta ji baƙuwar murya da Turanci ana tambayarta batun yaranta, sai ta ce ba ta san ni ba, ba ta taɓa jin sunana ba. Masu shirin suka ce na ba da bayanin ƙarya, suka cire ni.

Rashin tafiyar ya yi mini zafi, amma wallahi bai kai kalmar nan ba. Na daɗe ina jin haushinta kafin in yarda tsoro ne ya yi magana, kuma ta gaya mini tsoron nan ido da ido, ni ce na ƙi ji. Yanzu ina taimakawa a wani gidan renon yara a unguwar Handsworth, inda komai a rubuce yake.

'Yan'uwana masu neman irin wannan dama, ku nemi shaida tun da wuri, a inda ba ta tsorata kowa. Wanda ya ce muku a'a kuma, kada ku tura masa baƙo ya sake tambayarsa. Har yau Anti kan aiko mini da gaisuwa ta bakin mahaifiyata, ni ma ta nan nake amsawa.