Rakiyar da Na Yi Daga Bayan Tasi

Shekarun baya, lokacin da jirgin ƙasa ya fara yi wa Kafanchan rowar zuwa, ni da ƙawata muna koyon ɗinki a wani shago bayan kasuwa. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne, albashi sai an ga dama. Ita kuwa mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta na noman citta a ƙauyensu wajen Kwoi, ga ƙanne rututu. Kwaya ɗaya muke, wato ƙungiyar mawaƙa, a coci, ita ke jan waƙa, ni kuwa an ajiye ni layin baya inda muryata ba za ta yi ɓarna ba. Komai tare muke yi, har zane ɗaya muke yankawa biyu mu ɗinka.

Akwai wata mata mai kawo mana ɗinki, muna ce mata Anti. In ta shigo, ƙamshin turarenta kan kwana a shagon. Wata rana ta duba bakin rigar da ƙawata ta kalmashe, ta ce irin wannan hannu asara ne a bar shi a nan, tana da shagon ɗinki a Italiya tana neman yara biyu. Ni hannuna bai kai ya kawo ba, amma ƙawata ta ce in ba da ni ba, ba ta zuwa. Anti ta kai mu aka ɗauke mu hoto, ta yi mana fasfo ta riƙe a jakarta. Sharaɗinta ɗaya ne: kada mu gaya wa kowa, wai masu baƙin ciki za su ɓata abin. A gida muka ce aikin ɗinkin biki muka samu a Kano.

Ku da ba ku tashi a wajenmu ba, sai na yi muku bayani. Mu ba a tafiya babu rakiya. Ko Zonkwa za ka, sai an kai ka tasha, an yi addu'a, an cusa maka gyaɗa a jaka. Mahaifiyata ba ta barin tasha sai motar ta ɓace. Kuma wanda ya raka ka, shi ke zuwa tarbo ka ranar dawowa. Amma mu a ranar, don kada a yi mana tambayoyi, muka sulale tun mahaifiyata na wajen ɗiban ruwa. Ina jin kaina wata babbar mace, ni da ko Kaduna ban taɓa zuwa ba.

A Kano aka sauke mu wani gida a Sabon Gari, muka tarar da wasu 'yan mata. Ranar tashi, da hantsi, direban da Anti ta saba da shi ya kwashe ta da sauran, mota ta cika. Sai ya haɗa mu biyu da wani dattijo, shi ma daga layin tasin filin jirgi, ya ce ya biyo su da mu.

Mun ɗan yi nisa dattijon ya dube mu ta madubi. "'Yan mata, daga ina?"

"Kafanchan, Baba," na ce.

"Garin jirgin ƙasa. To ina 'yan rakiya, suna baya?"

Ƙawata ta yi dariya. "Ba kowa, Baba. Ko mama na ma bai sani ba. Sapraiz za mu yi mashi."

Bai yi dariya ba. Ya tambayi wa ke riƙe da fasfonmu, muka ce Anti. Sai ya rage gudu, ya gangara gefen titi gindin wata bishiya, ya kashe mota. Na damƙe hannun ƙawata.

"Kada ku tsorata, na haifi kamarku," ya ce. "Ni aikina ke nan, in kai mutum ƙofar tashi, in ɗauko wani a ƙofar sauka. Mai zuwa karatu, mai zuwa aikin Hajji, mai zuwa asibiti, kowa da danginsa a bayansa, wani har mota biyu, ana kuka ana dariya. Irin waɗannan duk ina sake ganinsu. Amma akwai yaran da ake kawowa shiru, ba mai rakiya, takardunsu a hannun wata. Na kai su da yawa kafin in gane. Tunda nake tsayuwa a ƙofar sauka, ban taɓa ɗauko ɗaya daga cikinsu ba."

"Ɗinki za mu je yi," in ji ƙawata.

"Haka ake ce wa kowa, 'yata. Sayar da ku za a yi, ba keken ɗinki za a ba ku ba. Ba zan ɓoye muku ba, a cikinmu direbobi akwai waɗanda da su ake wannan harka. Ba ni da ikon hana ku. Amma duk mai so, yanzu in juya in kai ta tasha."

Ni dai tun daga kalmar rakiya hankalina ya koma gida. Na ga mahaifiyata ta dawo da ruwa ta tarar ba ni, ba ta samu ko ɗaga mini hannu ba. Ni babbar macen nan sai na fashe da kuka har da majina. Na ce gida za ni, na ja hannun ƙawata.

Ta zare hannunta. Sannan ta ce, "Sista, ke baban ki yana nan. Ni in na koma, me zan kai wa mama na? Citta bai yi ba bana. Wataƙila Baba ya yi mistek. Ko wahala ne, bari in gwada."

Na roƙe ta, Baba ya roƙe ta, har ya haɗa ta da Allah. Ta ce in bai kai ta ba za ta sauka ta hau wata motar. Da na ga ba za ta juyu ba, na ce, "To Baba, mu kai ta. Ba za ta tafi ba rakiya ba."

Da muka isa filin jirgi ya tsaya nesa da ƙofa, bayan wata bas, ya ce in sunkuya kada Anti ta hango ni. A nan bayan mota muka riƙe hannu na yi mata addu'a, rabi magana rabi kuka. Gyaɗa ba ni da ita, sai na ciro allurar da ke maƙale a ɗankwalina na soka a nata. Ta ce za ta gaya wa Anti na gudu tun a gidan Sabon Gari. Ta ɗauki jakarta ta fita. Na leƙa ta gilashin baya ina kallon zanen nan da muka raba, har ya shige cikin mutane. Ba ta waiwayo ba, kuma na san don kada a gane inda nake ne.

Baba ya kai ni tasha, ya damƙa ni hannun direban Kafanchan, ya tsaya har muka tashi. Ya ce zai riƙa duba ƙofar sauka. Na yi imani ya duba.

Iyayenmu sun yi nema, coci ta yi nema. Anti ba ta sake taka Kafanchan ba, gidan Sabon Gari kuma aka tarar da wasu mutane daban a ciki. Abin da ya fi mini wuya shi ne zuwa gaban mahaifiyar ƙawata. Na same ta tana shanya citta, na faɗa mata komai. Na zaci za ta tambaye ni don me na dawo ni kaɗai. Sai ta ce, "Kin raka ta?"

"Na raka ta, Mama. Har da addu'a."

"To, na gode, yarinya na. Ke ne za ki je ki tarbo ta."

Yau 'ya'yana dariya suke mini, wai ko kasuwar Kagoro mutum za shi sai na bi shi bakin titi ina tambayar wa zai karɓe shi a can. Su yi ta yi. Duk yarinyar da na ji an ce ta ɓoye tafiyarta, sai na tsaya mata a wuya. Ina kewar ƙawata, wallahi, ko waƙar da take ja aka ɗauko a coci sai in kasa amshi. Mahaifiyar ƙawata ta rasu tuni, ta bar mini aikin da ta ba ni. Sau biyu na taɓa shiga filin jirgi tun daga lokacin, duka biyun rakiyar wasu na je, kuma duka biyun sai da na zagaya ƙofar sauka na ɗan tsaya ina duba fuskoki.