Ranar da Muka Bi Burtali da Fulas a Kai

Ban taɓa mantawa da ranar da na ga shugabana, Malam Sule, yana hawan dutse riƙe da takalmansa a hannu ba. Ku da kuka zo aikin nan kuka tarar da babura, ku gyara zama ku ji.

A farkon shekarun tamanin ne, lokacin ostariti, wato tsuke bakin aljihun gwamnati, ina ƙaramin malamin dabbobi a Ɗanbatta. Bushiya ta shigo ƙasa, ciwon nan da kan share garke cikin 'yan kwanaki. Aka aiko mana da maganin rigakafi daga Kano. Gari ne a 'yan kwalabe, ana dama shi da ruwan gishiri mai sanyi, kuma dole ya zauna cikin ƙanƙara a fulas. Da ƙanƙarar ta narke, magani ya zama ruwa kawai.

Matsalar ita ce motar ofis ta daɗe a kan duwatsu, babu taya babu batir. Ga labari ya zo cewa Arɗo Buba, shugaban wasu Fulani, ya janye garkunansa can bayan duwatsun da ke wajen iyakar Kazaure.

Malam Sule shi ne babban malamin dabbobi na yankin, mutum mai jiki, wanda ko masallacin Juma'a a mota yake zuwa. Ya ce, "Haruna, gobe da asuba za mu bi burtali."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ƙafa?"

Ya ce, "Kana da fiffike ne?"

Burtali, ga wanda bai sani ba, hanyar shanu ce da ake bari tsakanin gonaki, da shingen aguwa dama da hagu. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mu tsawo, iska na kaɗa shi. Na ɗora fulas a kai kamar mai tallar koko. Da farko abin daɗi, Malam Sule har waƙa yake. Duk gonar da muka wuce sai an yi mana sannu, wani ya miƙo ɗanyar gyaɗa, wani ya tambaya ko lafiya ma'aikatan gwamnati ke yawo a ƙasa.

Da hantsi waƙa ta tsaya. Takalmin ofis ya fara cin sa. Kafin mu kai gindin dutsen ya cire shi. Muka hau, shi yana nishi yana kiran sunan Allah, ni ina girgiza fulas ina sauraron ƙanƙara. Da muka kai sama na waiwaya, sai ga ƙasarmu shimfiɗe, gona na bin gona, rimaye da kukoki tsaye a tsakani, burtalin da muka biyo ya zama siririn zare. A nan aka haife ni, amma ban taɓa ganin ta haka ba.

Muna gangarawa muka faɗa tsakiyar ruga. Arɗo Buba ya fito, dogon dattijo, fuska ba walwala. Na yi bayani. Ya ce ba ya so. Sun ji allurar ce ke kashe shanu, kuma ko an soke jangali, shi bai yarda da wanda ke ƙirga dukiyar mutane ba.

Na girgiza fulas, na ji ƙarar ƙanƙara ta ragu sosai. Na dubi Malam Sule don ya sa baki, sai na ga ya zube a gindin ɗorawa ya miƙe ƙafafu. Duk sun yi bororo, wasu sun fashe.

Arɗo ya daɗe yana kallon ƙafafun nan. Ya ce, "Malam, ina motarku?"

"Ta mutu."

"Me ya kashe ta?"

"Ita ma bushiya ce."

Dattijon nan ya yi ta dariya har da riƙe sanda. Ya ce da sun ji ƙarar mota, da ko kashin saniya ba za mu tarar ba. Sannan ya ce, "Wanda ya zo cuta ba ya yi wa ƙafarsa haka. Ku fara da bijimina. Amma ban da ƙirga."

Malam Sule ya ce, "Haruna, kwalabe za mu ƙirga, ba shanu ba."

Muka yi ta aiki, su suna kama shanu, ni ina tsira allura, Malam Sule na zaune yana dama magani, mahaifiyar Arɗo na shafa masa man shanu a ƙafa tana yi masa faɗa da Fillanci. Kafin la'asar muka gama da garkunansa. Akwai wata ruga a gaba, amma na buɗe fulas na tarar da ruwa zalla. Dole muka juyo, Malam Sule bisa takarkarin da Arɗo ya ba shi aro, yara na bin mu da shewa.

Bayan 'yan makonni bushiya ta iso bayan dutsen. Shanun Arɗo Buba suka tsira, sai ɗaiɗaiku. Rugar da ba mu kai ba kuwa, mai ita ya sauko gari da sanda kawai a hannu. Na gan shi a kasuwa, na kasa haɗa ido da shi.

Shi ya sa idan na ji ɗayanku yana cewa makiyaya taurin kai ne da su, nakan tambaye shi inda ya tsaya ya yi musu magana. A aikin nan mutum ake fara yarda da shi kafin allura. Ku riƙa sauka kuna takawa.